Shekarar da Muka Kai Harawa Kufai

Dami ɗari da goma na harawar wake, dami arba'in na harawar gyaɗa, sai karan dawa wanda ba a ƙirga shi. Abin da muka jibge a kufai ke nan ranar wata Alhamis bayan an gama ɗauke amfanin gona, shekarar da nake aji biyar na firamare. Bakunan da za su ci shi har faɗuwar ruwa huɗu ne: shanun huɗa biyu, saniyar tatsa ɗaya, sai karsanata Kyauta, wadda kawuna ya ba ni tana 'yar maraƙa shekarar da aka yi mini kaciya. Ashirin da biyu daga cikin dammunan nan nawa ne, ni na tara su da hannuna a gonakin da nake taya mutane roron wake a biya ni da harawa. Muna cikin ɗaure dami na ƙarshe Baba ya faɗa mini gaskiya, don shi ba mutum ne mai rufa-rufa ba. Ya ce idan abinci ya kai, kowa ya tsira. Idan bai kai ba, bakin da ba ya jan garma kuma ba ya ba da nono shi ake fara kaiwa kasuwa. Na san da wa yake.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga ranar nan shi ne shirun wurin. Kufai tsohon mazaunin gari ne da mutanensa suka watse tun kafin a haifi kakanninmu, yana yamma da ƙauyenmu a ɓangaren Maruta, bayan wani tudun duwatsu. Babu gini ko ɗaya da ya rage, sai manyan kukoki da tsamiyoyi a tsaye a jere kamar har yanzu suna inuwar ƙofofin gidaje, da tsofaffin rijiyoyin rini da suka buɗe baki a cikin ciyawa, baƙi ƙirin. Gambar wurin ta fi Baba tsawo, ƙarƙashinta kuma matacciyar ciyawa ce ta shekaru a kwance kan juna, kana takawa ƙafarka na nutsewa babu sauti. Jakunan Malam Sale, maƙwabcinmu da ya yi mana dako, sun toge a bakin tudun sai da aka ja su. Malam Sale da kansa, mutumin da bakinsa ba ya hutawa, tun da muka shiga laɓɓansa kawai nake gani suna motsi da addu'a. Baba ya hau tsamiya, mu muna miƙa masa dammuna yana cusa su a tsakanin rassa, yadda ake ajiye harawa a wajenmu don kada dabbobin kiwo da gara su taɓa ta. Da rana ta take tsaka sai na ji wani sauti daga can cikin ciyawa, dim, dim, kamar mace na daka a turmi mai zurfi. Na ɗaga kai na dubi Baba. Bai dube ni ba, cewa kawai ya yi in miƙo.

Sai na faɗi abin da ya kai mu wurin da kowa ke gudu. Mu mutanen shanu ne a asali, amma tun zamanin kakana aka zauna aka kama noma, Fillancin ma ya tsere mana sai 'yan kalmomin kiran saniya. Gidanmu ɗakunan ciyawa ne, rumfar tsakar gida ba ta ɗaukar fiye da abincin 'yan makonni, kuma ba mai hankalin da zai tara tulin busasshiyar harawa kusa da murhu. Saboda haka kowa a gona yake barin tasa, a kan bishiya, yana ɗebowa kaɗan-kaɗan. Matsalar ita ce wuta. Da zarar ciyawa ta bushe, ba a rasa hayaƙi a wata kusurwar daji. Ranin da ya gabata wuta ta bi ta gonarmu ta cinye rabin abin da muka ajiye, muka ƙarasa shekara da sassaro ganyen gawo, shanun huɗa suka shiga damina haƙarƙarinsu a waje. Baba ya ce ba zai ƙara ba. Wannan ne ya sa ya shiga ɗakin mahaifiyarsa, Inna Dudu, ya tambaye ta inda wuta ba ta tashi.

Inna Dudu ta tsufa ƙwarai a lokacin, idonta ya yi hazo, ƙafa kuma ta daina kai ta ko bakin rijiya. Amma a ƙuruciyarta ta yi tallan nono a duk ƙauyukan da ke tsakaninmu da Gwaram, babu burtali ko 'yar hanyar da ba ta taka ba. A bayan gadonta akwai wani fili a daɓen ɗaki da ba a sharewa, ba a takawa. A nan ta shimfiɗa ƙasarmu. Ƙwallon goruba shi ne ƙauyenmu, tsinken tsintsiya hanyar kasuwa, zaren saƙa mai shuɗi shi ne rafi, tsakuwoyi su ne tudun duwatsu. Duk wanda ya shigo gaishe ta, bayan an gama tambayar gida da iyali, sai ta tambaye shi ko ya ga hayaƙi a hanya. Idan ya ce ya gani, ba ta damu da inda wutar ta kai ba, inda ta faro take nema. Sai ta bi shi da tambaya har ya gaji, gabas da wace bishiya, kusa da gonar wa, sannan ta lalubo ɗan guntun gawayi daga wata tsohuwar ƙwarya ta ajiye a wurin. Ta fara wannan ne tun shekarar da wuta ta ci wa kakana garke, kuma ba ta taɓa ɗauke gawayi ko ɗaya ba.

Ni ne mijinta na wasa, kamar yadda jika yake ga kakarsa, don haka ni kaɗai nake da izinin tsugunawa a bakin filin nan. Takan ce mini, “Kai mijin banza, ba cefane ba tufafi, ko labarin hayaƙi ba za ka kawo mini ba?” Ni kuma in ce zan sake ta in auro mai haƙora. A makaranta akwai taswirar ƙasa a jikin bango, malaminmu yana nuna mana koguna da sanda, kuma a nan na fara gane cewa abin da Inna ta yi a daɓe ɗan'uwan wannan ne, sai dai nata ya san gonar kowa. Idan ka daɗe kana kallonsa sai ka ga gawayin bai warwatsu haka kawai ba. Ya yi baƙi a gefen hanyar kasuwa, inda matafiya ke yar da guntun taba. Ya taru a gindin itatuwan da ake rataye amya, don masu ɗiban zuma da wuta suke hawa. Ya yi layi a bakin fadama inda makiyaya ke ƙona tsohuwar ciyawa don sabuwa ta tsiro, ya kuma yi tsibi a bayan gari inda mu yara muke yi wa gafiya hayaƙi a rami. Inna takan ce wuta ba ta da ƙafa, aron ta mutum take yi. Idan kaka ta wuce sai ta shafa filin da tafin hannu ta ce bana a kula da wuri kaza da wuri kaza, kuma sau da yawa haka ake yi.

Wannan sanin bai jawo mata ƙauna ba. Mata suna shigowa gaishe ta, amma a bakin ƙofa suke tsugunawa, suna satar kallon bayan gadon. Na taɓa jin wata a bakin rijiya tana cewa wanda ya san inda wuta za ta tashi ai ya san wanda ke aiko ta. Liman ya taɓa zuwa ya duba da idonsa, ya yi mata tambayoyi, ya fito ya ce wa mutane babu duba a ciki, lura ce irin ta manomin da ya san inda ruwa ke kwanciya a gonarsa. An ji maganarsa, amma ba a daina tsugunawa a bakin ƙofa ba. Ni kaina, in na shiga da rana tsaka na tarar da ita zaune shiru, fararen idanunta a buɗe, yatsunta na tafiya a kan ƙasarmu kamar tana shafa bayan dabba, sai na ji tsigar jikina ta tashi kafin in yi sallama.

A duk faɗin filin nan wuri ɗaya ne fari fes, ko ɗigon gawayi babu, wato bayan tsakuwoyin nan, inda kufai yake. Da Baba ya tambaye ta, nan ta ɗora yatsa. Ta ce tun tana amarya ba ta taɓa jin wuta ta faro daga can ba, wadda ta taso daga wani wuri kuma duwatsu ne suke tare ta. Baba ya tambaye ta zancen mutanen ɓoye da ake cewa suna zaune a wurin. Ta ce ita ba ta taɓa ganinsu ba, ba ta kuma ce babu su ba, amma ko suna nan ba su taɓa kunna wa kowa ashana ba. Da wannan muka kai harawarmu.

Makonnin farko komai ya tafi daidai. Da asuba in je makarantar allo, in dawo in kai wa shanu ruwa, in tafi boko, a tashe mu in ci abinci in bi Baba kufai mu ɗauko dami biyu a keke. Kyauta takan hango mu tun daga nesa ta fara zagaya turke. Ja ce, mai farin goshi, kuma tana da wata ɗabi'a ta cusa hanci a aljihun rigata don ta san a nan nake ɓoye mata kanwa. A filin makaranta, lokacin da ake langa ko ƙwallon tsumma, yara suna nuna ni suna cewa ga wanda ke shiga kufai, ni kuma ina jin daɗin abin, har ina ƙara wa sautin dakan nan gishiri. A wannan tsakanin wuta ta tashi a bakin hanyar kasuwa, daidai inda Inna ta ce, ta ci harawar gidaje uku. Tamu tana can lafiya.

Daga nan ne abin ya fara sauyawa, a hankali yadda ba wanda ya lura. Malam Sale ne ya fara kai tasa, tunda ya shiga ya fito bai ga komai ba. Sai ƙaninsa. Sai waɗanda wuta ta taɓa suka kwashe ragowar tasu suka bi. Ba wanda ya nemi izinin kowa, kufai ba na kowa ba ne, Baba kuma ba zai hana maƙwabci abin da ya samu ba. Kafin sanyi ya yi nisa kusan kowace tsamiya a wurin tana ɗauke da harawar wani gida, kamar gari ya sake zama amma a sama. 'Yar hanyar da muka fasa da ƙyar ta buɗe har jakuna biyu suna wucewa kafaɗa da kafaɗa. Mata suka gano busassun itatuwan da ba a taɓa sara ba, suka fara zuwa itace ƙungiya-ƙungiya. Wani ya rataye amya a kuka. Harawar wake ba ta rasa ragowar kwanso, sai gafiya da ɓeraye suka taru suna haƙa ramuka a bakin rijiyoyin rinin nan inda ƙasa ke da laushi. Sautin dakan kuma na daina jin sa. Ko surutun mutane ne ya rufe shi, ko dainawa ya yi, ban sani ba.

Wata rana da azahar na shiga ɗakin Inna da ƙwaryar fura. Ta tambaye ni hayaƙi na ce babu. Sai ta ce in ba ta labarin gidan kishiyoyinta, haka take kiran kufai don tsokana. Na zage ina ba ta labari da alfahari, cewa yanzu wurin ya zama kamar kasuwa, har su Ɗanjuma abokaina suna bin mu, jiya ma sun ga gafiya ƙatuwa kamar kyanwa. Ina cikin magana na ga ta ajiye ludayi. Ta tambaye ni faɗin hanyar, na faɗa. Ta tambayi wa da wa ke zuwa, na lissafa. Ta tambayi inda ramukan gafiyar suke, na ce a bakin rijiyoyin gabas. Ta tambaya ko an share ciyawar gindin bishiyoyin. Na ce ba wanda ya share, ai wuta ba ta zuwa can.

Sai ta miƙa hannu cikin tsohuwar ƙwaryar nan, ta lalubo gawayi, ta bi tsakuwoyin da yatsa har ta tsallake su, ta ajiye shi a tsakiyar farin wurin, ɗan gabas kaɗan. Tun da nake ban taɓa ganin ta ajiye gawayi kafin wuta ba. Na ce, “Inna, ai ba a yi gobara a can ba.”

Ta ce, “Je ka kira mini ubanka. Ni na yi kuskure. Tsoro ne yake gadin wurin nan, mu kuma mun kore shi.”

Baba bai yi mata musu ba, bai taɓa yi ba. Ya je ya sami mai unguwa ya ce a tara mutane a share gindin bishiyoyin, a ƙone kewayen da sanyin safiya yadda ake yi wa gona. Aka ce to. Amma lokacin sussukar dawa ne, kowa na da abin yi, kuma waɗanda suka fi jin tsoron kufai a da su ne yanzu suka fi sakin jiki da shi. Wasu suka ce tsohuwa ta ga an cika mata wuri ne take so a watse a bar wa ɗanta. Malam Sale ya ce jakunansa suna kan dakon hatsi zuwa Gwaram, sai bayan kasuwa. Ni da Baba muka share gindin tsamiyoyinmu mu biyu, amma ciyawar shekaru ba ta sharuwa da lauje biyu, kana yanke ta sama ta ƙasa na nan kamar katifa. Sai muka koma kwasa. Baba yana ɗaurawa a keke, ni ina ɗauka a ka, muna jibgewa a kan rumfa da rufin ɗakin ajiya duk da haɗarin murhu. Na daina tsayawa langa. Ana tashi daga makaranta nake wucewa da kayan makarantar a jikina, kuma ban ɓoye wa kowa ba, nawa dammunan na fara saukewa, don na san su da irin ƙullin da nake yi musu. Wuyana ya sanƙare har ba na iya waiwaye, amma sai da na kawo ashirin da biyun nan gida cif.

Wutar ta tashi ranar kasuwa, lokacin da manyan gari duk ba sa nan. Rana tsaka ce, babu iska ko kaɗan. Ina kan hanyar kufai, na kusa tudun duwatsu, sai na ga shirwa sun taru a sama suna shawagi, da yawa, fiye da yadda na taɓa gani. Sannan na ga hayaƙin, siriri, fari, a miƙe sak kamar an kafa sanda, daga gabas. Na tsaya ina kallonsa. Kafin in yanke shawarar gudu gaba ko baya, ya yi kauri ya koma baƙi, sai na ji wani gurnani daga ƙasa. Abubuwa suka fara fitowa daga cikin ciyawa suna tsallake hanya ta gabana, gafiya da zomaye da ƙadangaru, da wani maciji da ya wuce kusa da ƙafata ko kallona bai yi ba. Duk suna tafiya wuri ɗaya, babu mai kuka. Na hau kan dutse. Daga can na ga wutar tana bin ƙarƙashin gamba kafin ta fito sama, ta kama gindin tsamiya, ta haura, harawar da ke kai ta kama gaba ɗaya lokaci guda. Bishiya bayan bishiya, kowacce da tulin wuta a kanta, a jere yadda gidajen mutanen da suke. A cikin wannan gurnanin na sake jin sa, dim, dim. Manya sun ce mini daga baya 'ya'yan kuka ne ke fashewa, ko duwatsu ne ke tsagewa don zafi. Mai yiwuwa haka ne. Amma ranar da na fara jin sa babu wuta.

Mata da yara da 'yan tsofaffin da suka rage suka zo da ɗanyen ganye, suka tsaya a kan tudu tare da ni, ba wanda ya sauka. Duwatsun nan da Inna ta ce suna tare wuta daga waje, su suka tare ta daga ciki, ba ta taɓa gona ko ɗaya ba, kufai kaɗai ta cinye ta mutu. Da wuri ya huce Baba ya zagaya da ni. A bakin wata rijiyar rini ta gabas muka ga rami an toshe bakinsa ɗaya da dutse, ɗaya bakin kuma da guntun kara da ya ƙone rabi. Aikin masu yi wa gafiya hayaƙi ne, kowane yaro a garin ya iya shi. Ba a taɓa sanin ko wane ne ba, Baba kuma ya hana ni ambaton sunan kowa, ya ce zato ba shaida ba ne.

Abin da muka tsira da shi bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Na yi ta lissafi a raina cewa ashirin da biyu nawa, in an haɗa da ganyen gawo da ɗan kiwon bakin fadama, za su iya kai Kyauta damina. Na faɗa wa Baba haka da daddaɗar murya, kamar mai kawo albishir. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Habu, ka yi aikin maza. Amma in shanun huɗa suka faɗi, baɗi ba mai cin tuwo a gidan nan, har da kai.” Dammunana suka shiga cikin na gida. Ni na ja Kyauta zuwa kasuwa da hannuna, don ta ƙi bin kowa, tana tafe tana cusa hanci a aljihuna. A kasuwar nan, ina tsaye da igiya, idona ya ga wani abu da bai taɓa barina ba. Rabin garinmu sun kawo dabbobi rana ɗaya, masu saye suna taya su a wulaƙance. Can gefe kuma wani mutum ya sauke harawa daga wani gari, mutanenmu sun yi masa layi, ko ciniki ba ya saurara.

Inna ba ta ƙara faɗa wa kowa wuri mai lafiya ba. Matan da ke tsugunawa a bakin ƙofa suka daina zuwa gaba ɗaya, don labarin gawayin da ta ajiye kafin wuta ya zaga gari, kuma ba yadda ya faru aka ba da shi ba. Ta ci gaba da tambayata hayaƙi, ta ci gaba da ajiye gawayinta, amma in wani ya aiko yana tambayar inda zai ajiye harawa sai ta ce ya raba ta uku ya share gindinta. Da ta rasu bayan damina biyu, matan da suka zo gyara ɗakin ba wadda ta yarda ta taɓa bayan gadon. Ni aka miƙa wa tsintsiya.

Yau harawa da dusa da ƙaiƙayi su ne sana'ata. Ina saye a Kangire da Yalwan Damai da ƙauyukan Gwaram lokacin kaka, in ajiye, in fitar a Birnin Kudu lokacin da rani ya yi tsanani. Da keke na fara, ba wanda ya ba ni jari. Ban taɓa tara kayana wuri ɗaya ba, ban taɓa barin ciyawa a kewayen rumbu ba, kuma in na ga sabuwar hanyar babur ta fasa kusa da inda nake ajiya, a shekarar nake tashi. Kwanakin baya 'yata Safiya, da ke karatun labarin ƙasa a jami'a, ta zo hutu da kwamfuta ta nuna mini aikin da suke koyo. Hoton ƙasa ne daga tauraron ɗan'adam, an ɗiga alama a duk inda aka ga wuta ta taɓa tashi, sai na'ura ta auna nisan kowace alama da hanya, da gari, da bakin gona, da bushewar ciyawa, ta shafa wa ƙasar launi. Ja inda ake sa ran wuta, kore inda ba a sa rai. Jan ya bi hanyoyi da bayan garuruwa kamar yadda gawayin nan ya bi tsinken tsintsiya, sai dai na Safiya ya ga ƙasar da ƙafar mai tallan nono ba za ta taɓa zagayewa ba. Na daɗe ina kallon wani ɗan koren wuri. Na tambaye ta abin da zai faru in kowa ya ga wannan hoton ya kwashi kayansa ya nufi can. Ta ce malamansu ma sun yi wannan maganar, shi ya sa ake sake aikin a kai a kai, don hoton sawun jiya yake nunawa. Sai ta kalle ni ta yi dariya ta ce, “Baba, kai dai so kake a nuna maka koren kai kaɗai.” Na ce ai ba ƙarya ta yi ba.

Na bi ta kufai bara a kan hanyar sayen kaya. Gonar riɗi ce yanzu, an cike rijiyoyin, kuka biyu ne suka rage, babura na wucewa ta tsakiya da rediyo a kunne. Na kashe mota na tsaya da rana tsaka na kasa kunne, ban ji komai ba. A ƙasarmu yanzu babu wurin da tsoro ke gadi, ko'ina ƙafa ta kai. In na yi lissafin shekarar gobarar nan, mun rasa harawa fiye da dami ɗari, Inna ta rasa masu gaishe ta, ni na samu sana'ar da ta gina mini gida ta kai 'yata jami'a. Kowane ɗan kasuwa zai ce an ci riba, ni ma haka nake cewa. Sai dai ina da shanu a turke yau fiye da waɗanda Baba ya taɓa mallaka, kuma babu ko ɗaya da na raɗa wa suna.